Zanbaƙul Wadi, Maganin Jiri Mai Kawo Jiri

Ka sani, ya mai karatu, a cikin kurmin ƙasashen sanyi, tun daga Ingila har duwatsun Kaukasus, akwai wani ɗan tsiro wanda tsayinsa bai wuce taƙi guda ba, in ya yi yawa ya ɗara kaɗan. Ba ya son tsakar rana, ya fi son inuwar manyan itatuwa inda ganye ya ruɓe ƙasa ta yi laushi. Da hunturu ba a ganinsa, yana kwance ƙarƙashin ƙanƙara, saiwarsa kuwa mai rarrafe ce kamar ta kirikiri. Sa'ad da ƙanƙara ta narke sai ya turo ganye biyu masu faɗi, a tsakaninsu kara guda siriri, a jikin karan furanni farare fat, daga biyar zuwa goma sha biyar, duk sun sunkuya gefe ɗaya, kowanne da siffar 'yar ƙararrawa. Akan ji ƙanshinsa tun ba a gan shi ba. In kaka ta yi sai 'ya'ya jajaye su fito a gurbin furen, kamar idon zakara, sai dai ba su da baƙin ɗigo.

Larabawa suna ce da shi zanbaƙul wadi, watau furen kwari. Sunan da Jamusawa suka ba shi ma'anarsa 'yar ƙararrawar Mayu, domin a watan Mayu yake fure. Faransawa kuwa ran 1 ga Mayu sukan sayar da shi a bakin titi, kowa ya saya ya kai wa wanda yake ƙauna. Malaman tsirrai suna rubuta shi Convallaria majalis. A da sun haɗa shi gida ɗaya da albasa da tafarnuwa, amma da aka sake binciken nasabar tsirrai sai aka tarar ya fi kusa da moda, wadda ake murza zarenta a yi igiya da tsirkiya. Ba shi da suna da Hausa, gama ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Tsiro ne wanda ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani.

To, wannan ɗan fure ya yi shekara ɗaruruwa yana cikin manyan magungunan da mutanen Turai suke ba mai jiri. Littattafan magani na Jamus na ƙarni na 16, irin na Hieronymus Brunschwig wanda aka buga a 1500 da na Hieronymus Bock na 1539, da waɗanda suka biyo bayansu, sun jera shi cikin magungunan kai da zuciya. Ana ba da shi ga mai jiri, da mai yawan suma, da mai farfaɗiya, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye har magana ta ɗauke, da tsohon da mantuwa ta kama. Darajarsa ta kai har ya zama tambarin likita. Kopanikus, malamin taurari na Folan wanda ya rasu a 1543, ya karanci likitanci a Faduwa ta Italiya, ya kuwa yi wa mutane magani a ƙasarsu. Shi ya sa a sanannen hotonsa ba a zana shi riƙe da kayan duban taurari ba, sai da karan wannan fure a hannu.

Ga yadda suke sarrafa shi. Akan tsinke furen da sassafe, a zuba a giyar inabi, a rufe a bar shi makonni. Sa'an nan a juye cikin tukunyar nan mai murfi da bututu wadda Larabawa ke kira al'inbiƙ, irin wadda ake tatsar ruwan wardi da ita, wadda ma daga Larabci Turawa suka ari sunanta. A hura wuta kaɗan kaɗan, tururi ya tashi ya bi bututu, ya huce, ya riƙa ɗiga a kwalba. Waɗansu sukan mai da abin da ya ɗiga cikin tukunya su sake, har sau da dama. Abin da ya fito shi ake kira ruwan zinariya, domin an ɗauke shi da girman da ya cancanci a ajiye shi a kasko na zinariya ko na azurfa. Cokali guda ake ba majiyyaci, a kuma shafa masa a goshi da ƙeya. John Gerard na Ingila, a littafinsa na 1597, ya kawo wata dabara daban domin ciwon gaɓoɓi: a cika kwalba da furen, a toshe bakinta, a binne ta a gidan tururuwa wata guda, ruwan da ya taru a ciki a shafa.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na fari, ruwan jiƙon giya ne. Tsohon da ya kurɓi cokali ya ji ɗumi ya ratsa shi, sai ya yaba wa fure, alhali kuwa rabo mai yawa na wannan ɗumi aikin giya ne. Ita kuwa ba a taɓa jin ta raba mutum da jiri ba, sai dai ta gama shi da shi. Na biyu ya fi wannan nauyi. Sinadarin da ke aiki cikin tsiron ba ya tashi da tururi. Ƙanshi yana tashi, ƙarfin giya yana tashi, amma shi yana nan kwance a gindin tukunya tare da tsakin da za a zubar. Ashe ke nan ruwan zinariya, da duk tsadarsa, turare ne da barasa. La'alla wannan ne ya sa aka daɗe ana shansa ba a ji ya yi ɓarna ba. Masu jiƙa ganye su sha ruwan kai tsaye, da masu shan garinsa, su ne suka gamu da ainihin abin da ke ciki, alherinsa da sharrinsa.

Akwai kuma hanya ta uku, ta hanci. Furen in ya bushe aka daka shi, shaƙarsa tana sa atishawa mai ƙarfi. An daɗe ana sa shi cikin garin shaƙa na garin Schneeberg a Jamus, ana cewa yana share ƙwaƙwalwa.

Me ya sa suka ga atishawa za ta kori jiri? Amsar tana cikin littattafan da almajiran ɗibbu suka sani. Likitocin Turai na wancan zamani a kan ɗabi'u huɗu suka gina iliminsu, watau jini, da balgamu, da safara'u, da sauda'u, kamar yadda suka gada daga Jalinusu ta hannun malaman Musulmi. Alƙanun na Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 ta Hijira, daidai da 1037, an juya shi zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila ta Andalus cikin ƙarni na 12, aka yi ta karantar da shi a manyan makarantun Turai har ƙarni na 17. A wannan ilimi, jiri da farfaɗiya da shanyewar jiki 'yan ɗaki ɗaya ne: ko dai danshi mai sanyi ya taru a ƙwaƙwalwa, ko kuwa wani tururi ya taso daga ciki ya hau kai. Maganin sanyi da danshi kuwa sai abu mai zafi mai bushewa, mai ƙanshi, mai fitar da majina. Shi furen ba a samun tabbataccen ambatonsa a littattafan Yunanawa na da, amma da Jamusawa suka tarar da shi a dajinsu sai suka auna shi da ma'aunin da suka karanta, ya kuwa yi daidai da gurbin.

Ibnu Sina ya raba wannan ciwo gida biyu, rabon kuwa har yau yana nan daram. Akwai duwar, shi ne mutum ya ga ɗaki yana juyawa da shi. Akwai sadar, shi ne mutum ya miƙe tsaye sai idonsa ya yi duhu, ya ji zai faɗi. Bahaushe ma ya san bambancin, ko da yake baki yakan gauraya su: na farko shi ne hajijiya ko juwa, na biyu shi ne jirin da ke ɗibar mutum in ya tashi da sauri. Game da duwar, Ibnu Sina ya buga misali da ƙoƙon ruwa wanda aka jujjuya sa'an nan aka ajiye. Ƙoƙo ya tsaya, ruwan ciki bai tsaya ba. Misalin ya dace ƙwarai. Inda aka yi kuskure shi ne wurin da ƙoƙon yake. An zaci a ƙwaƙwalwa yake, ashe a kunne ne.

Ba a gane haka ba sai 1861, sa'ad da Prosper Ménière, likitan makarantar kurame ta Faris, ya tsaya gaban majalisar likitocin Faransa ya nuna cewa hajijiya mai zuwa tare da ƙarar kunne da raguwar ji daga cikin kunne take tasowa. Kafin wannan rana irin waɗannan majiyyata akan ce jini ne ya cushe musu a kai, a yi ta tsaga musu jijiya ana zubar da jini. Bayani kuwa shi ne, can bayan dodon kunne, cikin ƙashi, akwai 'yan bututu uku lanƙwasassu cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nahiya daban. In kai ya juya ruwan ya motsa, sai jijiya ta kai labari. Yaran da ke wasan hajijiya a dandali, in sun tsaya suka ga ƙasa tana gudu, ruwan nan ne bai gama tsayawa ba. Kusa da bututun akwai 'yan tsakuwoyi waɗanda suka fi rairayi ƙanƙanta, sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai. In ɗaya ta ɓalle ta faɗa cikin bututu, to, duk sa'ad da mutum ya juya a shimfiɗa, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya, sai ɗaki ya juya da shi na ɗan lokaci wanda bai kai minti guda ba. Wannan yana cikin mafi yawan sababan hajijiya, musamman ga manya. Maganinsa ba na sha ba ne. Wani likitan Amurka, John Epley, ya wallafa a 1992 yadda ake kwantar da majiyyaci a juya kansa daki daki har tsakuwar ta gangaro ta koma mazauninta.

Ga irin wannan hajijiya, zanbaƙul wadi ba shi da abin da zai yi, ko a sha ko a shaƙa. Sai dai ciwon yakan lafa da kansa bayan kwanaki ko makonni, duk abin da aka sha a tsakani kuwa shi ke kwashe yabo. Da haka magunguna da yawa suka yi suna.

Amma fa kada a ce mutanen da ba su ga kome ba. Sun ga wani abu, a ɗaya gidan, gidan sadar. Ƙwaƙwalwa nauyinta kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, ba ta kuwa da haƙurin jira ko na ɗan lokaci kaɗan. Mutumin da zuciyarsa ta raunana, tana bugawa da sauri amma ba ƙarfi, ruwa yakan taru masa a ƙafa da ciki da huhu, ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya, ya kasa kwanciya sai a jingine, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Irin wannan majiyyaci in ya sha jiƙon ganyen a gwargwadon da ya yi daidai, zuciya takan yi ƙarfi, fitsari ya yawaita, kumburi ya saɓe, jirin ma ya ragu. Talakawan ƙauyukan Rasha sun daɗe da sanin haka, da shi suke maganin kumburin da ke zuwa daga zuciya.

Daga wurinsu likitoci suka ɗauka. A birnin Fitasbag akwai wani babban likita, Sergei Botkin, wanda ba ya raina maganin ƙauye, amma ba ya karɓarsa sai ya gwada. A ɗakin gwajinsa, wanda Ivan Pavlov ke lura da shi a lokacin, wani almajirinsa mai suna Bogoyavlensky ya jarraba tsiron a kan dabbobi da majiyyata, ya rubuta sakamakon a 1881. A 1882 Germain Sée ya yi irin wannan a Faris. Tun 1858 wani Bajamushe, Walz, ya riga ya tsamo sinadari biyu daga tsiron, amma mafi ƙarfinsu sai a 1929 Walter Karrer ya ware shi a Suwizalan, aka sa masa suna konbalatoksin. Yanzu an ƙidaya irinsa kusan arba'in a cikin wannan ɗan tsiro, a ganye da fure da saiwa da ƙwayar 'ya'ya. Babu gaɓar da ta kuɓuta.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar maharban ƙasar Hausa. Kowane tsohon maharbi ya san kwankwani, itacen nan mai hawa wanda ake daka 'ya'yansa a dafa a shafa wa kibiya. Yana da dangi a gabashin Afirka, ana ce da shi kombe. A tafiyar da Livingstone ya yi a kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1864, likitan ayarin, John Kirk, ya ajiye burushin haƙorinsa a aljihu ɗaya da dafin kombe. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun jijiyarsa ya ragu. Thomas Fraser na Edinbara ya bi diddigin abin, a 1885 ya gabatar da shi ga likitoci a kan maganin zuciya ne. Da masana suka warware ginin konbalatoksin sai suka tarar jigonsa shi ne jigon dafin kombe, ba su saɓa ba sai a irin sukarin da ke manne da shi. Watau abin da amaryar Turai ke riƙewa a hannu ran biki, da abin da ke bakin kibiyar maharbi, 'yan uwa ne na jini. Tumfafiya ma tana da irin nata a cikin farin ruwanta, haka albasar kura, 'yar'uwar unsul da ke cikin littattafan ɗibbu, wanda Larabawa ke yi wa laƙabi da albasar ɓera domin da shi ake kashe ɓeraye.

Yadda wannan dangi ke aiki a jiki an gane shi bayan 1957, shekarar da Jens Skou na Danmak ya gano, cikin jijiyar ƙaguwa, wani ɗan famfo da ke jikin kowace ƙwayar halitta, mai kwarfe sodiyam waje yana jawo fotasiyam ciki. Dafin yakan riƙe hannun wannan famfo. In an riƙe shi kaɗan, kalsiyam ya taru cikin naman zuciya, sai kowace matsa ta fi ta da ƙarfi. A lokaci guda kuma yana rage mata sauri. Ƙaimi ne da linzami tare. Doki ya gaji yana sassarfa marar amfani, aka ja linzami aka taɓa ƙaimi, sai ya koma tafiya mai nisan taki. Amma in mahayi ya matsa duka biyun fiye da kima, doki sai ya yi tutsu, ko ya turje ya tsaya cik. Kibiyar maharbi wannan na biyun take nema.

Alamun wuce gona da iri an san su tun 1785. A shekarar ne William Withering na Ingila ya wallafa littafinsa a kan wani tsiro na wannan dangi, dijitalis, bayan ya shekara goma yana gwada shi. Ya lissafa abin da ke samun wanda aka ba da yawa: tashin zuciya, amai, gudawa, gani ya rikice har abubuwa su koma rawaya ko kore, bugun jijiya ya ragu ƙwarai, gumi mai sanyi, suma, mutuwa. A cikin jerin nan kuwa, tun daga farko farko, akwai jiri.

Mai karatu ya tsaya a nan ya duba tarkon. Mutum yana da jiri, aka ba shi jiƙo, ya sha kwana uku. Jiri ya ƙaru, ga tashin zuciya. Shi da mai ba shi magani duka za su ce ciwo ne ya yi taurin kai, ko kuwa su ce magani ne ke faɗa da cuta, a ƙara cokali. Da ciwon kai ne ake yi wa magani, aka ga amai da jiri, da an farga cewa wani sabon abu ya shigo. Amma a nan alamar guba da alamar ciwo fuska ɗaya gare su, ba mai rarrabe su sai wanda ya kama wuyan hannu ya ƙirga. Zuciyar baligi mai hutawa takan buga 60 zuwa 100 a minti. In ta sauka 40, ko ta riƙa tsallake bugu, jinin da ke isa kai ya ragu ke nan, jirin da aka zo kora kuwa maganin ne da kansa yake haifarsa.

Tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa a wannan dangi ƙanƙanuwa ce. Digoksin, wanda aka ware daga dijitalis a 1930, wanda kuma har yau yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ninkin abin da ke warkarwa sau biyu yakan isa ya cutar, shi ya sa likita yakan auna shi a jini. To, ina ga ganye? Ƙarfin ganye yana sauyawa da ƙasar da ya fito, da watan da aka tsinka, da yadda aka shanya. Tafin hannu guda na bana ba shi ne tafin hannu guda na bara ba. Masu haɗa magani na farkon ƙarni na 20 da suka rasa yadda za su yi, sai suka riƙa gwada kowane kaso a kan kwaɗi da kyanwoyi, su ga nawa ne ke tsai da zuciyar dabba, da wannan suke rubuta ƙarfinsa a kwalba. Mai jiƙo a gida ba shi da kwaɗon gwaji sai majiyyacinsa.

Har wa yau, jikin mai sha ma yana sauya hukunci. Wanda ƙodarsa ta raunana, maganin yakan daɗe a jikinsa ya taru. Wanda fotasiyam ya ragu a jininsa, gwargwadon da bai cutar da shi jiya ba ya iya kā da shi yau. Abin da ke rage fotasiyam kuwa ba baƙo ba ne: gudawa, da amai, da waɗansu ƙwayoyin sa fitsari da ake ba masu hawan jini, da yawan shan abin wanke ciki irin filasko.

Saboda haka asibitocin yammacin Turai suka bar zanbaƙul wadi, suka riƙe digoksin wanda ake iya aunawa. A zamanin Tarayyar Sobiyat an yi allura daga ganyensa mai suna Korglikon, akwai kuma ɗigon Zelenin, wanda aka haɗa shi da waɗansu tsirrai, har yau ana samunsa a kantunan magani na Rasha. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa a 1978 domin tace magungunan itatuwa ya yarda da tsiron ga raunin zuciya marar tsanani, da sharaɗin a yi amfani da garin da aka auna ƙarfinsa. Jiri, wanda saboda shi aka yi ta zuba ruwansa a kaskon zinariya, bai shiga cikin abin da kwamitin ya yarda da shi ba.

A Turai yanzu an fi ambatonsa a ɗakin masu ba da shawara kan guba. Yara sukan tsinki jajayen 'ya'yan su ci. Sa'ar da ake yi ita ce hanji ba ya tsotse dafinsa da yawa, ga ɗaci, ga shi yana sa amai da wuri, saboda haka mafi yawansu ba sa wuce ciwon ciki. Manya kuwa ta wajen miya yake samunsu. Akwai wata tafarnuwar daji da suke tsinka da bazararsu, ganyenta ya yi kama da nasa, wani lokaci ma wuri ɗaya suke fitowa. Kama da wane ba ta wane: ganyen tafarnuwa in an murza yana wari, amma wanda ya riga ya murza goma, yatsunsa sun ɗauki warin, na goma sha ɗaya kowane iri ne zai ji shi tafarnuwa.

Tsiron bai zo ƙasar Hausa ba, amma kwalabensa suna iya zuwa, tun da yanzu ana tallar jiƙonsa ta intanet da sunan mai ƙarfafa zuciya, 'yan'uwansa kuwa suna nan bayan gari. Jiri kuma a nan sababansa sanannu ne. Akwai na ƙishirwa da zafin bazara, wanda ke kama manomi da mai azumi da la'asar. Akwai na ƙarancin jini, daga zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko zubar jini wajen haihuwa. Akwai na mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba, da na mai hawan jini da ƙwaya ta yi masa yawa. Allurai irin su jentamaisin da istireftomaisin in sun yi yawa sukan lalata ma'aunin nan na kunne, ɓarnar kuwa sau da yawa ba ta gyaruwa. Mai ciki in jiri ya zo mata da ciwon kai da kumburin fuska da dishi-dishin gani, wannan jijjiga ce take sallama. Wanda kuma jiri ya zo masa farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko gani biyu biyu, shi ba a kwana da shi a gida.

Irin jirin da tsiron ya taɓa yi wa amfani ma akwai shi, har ya fi yawa a nan bisa ga wurare da dama. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun rubuta labarin mata masu jego da yawa waɗanda zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suna zuwa da kumburi da haki, suka danganta wani rabo na abin ga yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Digoksin da ƙwayar sa fitsari suna cikin abin da aka yi musu magani da shi, watau ɗan'uwan zanbaƙul wadi, amma a ƙwaya mai ƙayyadadden nauyi, ga mai ƙirga bugun jijiya a tsaye.

Rarrabe waɗannan duka ba ya bukatar babban inji. Ma'aikacin asibiti yakan tambayi majiyyaci ko ɗaki ne ke juyawa ko ido ne ke duhu. Ya ja fatar ido ya duba ko ta yi fari. Ya auna ƙarfin jini a kwance, ya sake aunawa a tsaye. Ya ɗiga jini daga yatsa domin sukari da zazzaɓi. Ya kama wuyan hannu minti guda cur. In ya zargi kunne, ya kwantar da shi da sauri kai a karkace, ya dubi ƙwayar ido ko za ta yi rawa. Wanda yake shan digoksin, ko wani jiƙo da aka ce na zuciya ne, sa'an nan ya ji sabon jiri da tashin zuciya, ko ya ga fitila ta yi rawayan kewaye, kada ya ƙara ko cokali guda. Ya tafi asibiti a ranar, da kwalbar a hannu, da sauran ƙulle-ƙullen da yake sha, har filaskon, domin likita ya san abin da zai auna.